Ruwan Allon Baffa

Baffa ya rasu da hantsi ranar wata Laraba, bayan ya sha kununsa ya ce a gyara masa matashi. Na Allah muke, kuma can za mu koma dukanmu. Ni na rufe masa ido na ɗaure masa haɓa, sannan na fito tsakar gida in faɗa wa Inna, matarsa, na tarar ta riga ta gane tun daga yadda na ɗaga labule.

Kafin azahar gidanmu na Birnin Kudu ya cika maƙil, maza a ƙofar gida bisa tabarmi, mata a ciki har bakin murhu. Tsofaffin ɗalibansa suka yi ta zuwa, wasu da furfura a gemu, direbobin tasha da 'yan kasuwa da abokan aikina na asibiti. Wani direba ya aiko matarsa ta gaya mini cewa Baffa ne ya koya masa rubuta sunansa, kuma bai taɓa dukansa ba, sai dai ya kalle shi ta saman tabarau har ya gwammace bulala. Wata tsohuwa da ta taso tun daga Gwaram ta zauna tana sharar hawaye, tana cewa shi ke nan, ya tafi da sirrinsa bai bar wa kowa ba. Na san sirrin da take nufi, kuma da ba makoki ake yi ba da na yi dariya. Wata maƙwabciya kuwa, irin masu addu'a da ƙaya a ciki, ta ce Allah Ya yafe masa karance-karancen nan nasa. Na ce amin, mu ma da ba mu karanta komai ba Allah Ya yafe mana. Inna ta taka mini ƙafa.

Duk wannan hira a baki take. Abin da ke ran kowa ɗaya ne: ko mahaifina zai zo. Mahaifina, wanda nake kira Baba, shi ne yayan Baffa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma limami ne a Sara. Tun da aka yaye ni ya ɗauke ni ya ba ƙanensa riƙo, don Allah bai ba Baffa da Inna haihuwa ba. Uba biyu ke nan gare ni, kuma shekara da shekaru ɗaya ba ya taka gidan ɗaya. Baba ya rantse da Allah a gaban mutane cewa ƙafarsa ba za ta ƙara shiga gidan nan ba, ko da gawar Baffa ce kwance a ciki. To ga gawar nan kwance. An buga waya Sara, aka ce saƙo ya isa, Malam ya ji.

Ina rubuta wannan ne saboda yaran danginmu masu tasowa, waɗanda in an ambaci Baffa sai su ce, au, wannan da ya yi karatun arna? Ni dai ina raye ba za a taƙaita mutum kamarsa a wannan magana ba.

Gidanmu gidan malamai ne. Baba da Baffa a gaban mahaifinsu suka sauke Alƙur'ani, sai ƙuri'ar makarantar boko ta faɗa kan ƙaramin, ya tafi yana kuka, ya dawo malamin makaranta. Ya yi koyarwa a garuruwan Kano har lokacin da aka yanke Jigawa, aka ce kowa ya koma jiharsa. Ya ƙarasa aikinsa a wata makaranta a Gwaram, ya yi ritaya, ya dawo gida da keke da tabarau da akwatin littattafai. Akwatin na wani abokin aikinsa ne mutumin kudu, wanda ya bar masa shi ranar da zai koma garinsu. A ciki akwai wata doguwar waƙa ta Yunanawan dā, wato mutanen Girka, waƙar yaƙi da jiragen ruwa da fushin manya da makoki. Akwai fassararta biyu da Turanci, akwai ainihinta da haruffansu, ga littafin nahawu, ga ƙamus mai kaurin tubali.

Abin da ya jawo komai shi ne fassarorin nan biyu ba su jitu ba. Baffa ya karanta wannan ya karanta waccan, ya ga a wuri guda wani ya ce kaza, wani ya ce akasin haka. Ransa ya ɓaci. Ya ce a gidanmu ba a yanke hukunci da fassara, ko ɗalibi bai isa ya kawo wa mahaifinsu magana ba tare da Larabcinta ba. Yakan ce fassara tuwo ne da wani ya tauna maka, za ka ƙoshi, amma shi ya ji daɗin miyar. Ranar nan ya tura Turancin ƙarƙashin gado, ya ɗauko nahawu. Da Inna ta tuna masa shekarunsa sai ya shafa haɓa ya ce gemu ba ya hana ilimi, nasa ma bai kai na mutane tsawo ba.

Hanyar karatu ɗaya Baffa ya yarda da ita a duniya, ita ce allo. Duk da shekarun da ya yi da alli da takarda, yakan ce takarda raggon ɗalibi take yi, don ka san abin yana nan gobe, ba ka damu ka riƙe shi ba. Allo kuwa dole a wanke, saboda haka dole kai ya ɗauka. Ya sa kafinta ya sassaƙa masa sabo fil, ya dafa tawada da kansa, ya fiƙe alƙalamin kara. Kullum bayan ya idar da lazimin asuba sai ya zauna gindin darbejiyar tsakar gida ya rubuta 'yan baituka, daga hagu zuwa dama, abin da ya fi komai ba Inna mamaki. Ya warware kalma ɗaya bayan ɗaya da ƙamus, ya haddace, ya wanke, ya rubuta na gaba. Ba shi da malamin da zai biya masa, sai ya riƙa kawo wa Inna hadda tana tankaɗe. Da farko in ya kai aya takan shafa ta ce amin, har sai da ya roƙe ta ta daina.

Bai taɓa jin wani mahaluki ya furta harshen nan ba. Na tambaye shi ya aka yi ya san daidai yake faɗa. Ya ce masu harshen sun daɗe a ƙasa, duk wanda ya ji an ɓata masa ya taso ya yi gyara. Amma ba da ka yake yi ba. Ya san aruli, ilimin auna waƙar Larabci, kuma da shi ya gano cewa baitukan nan suna da ma'auni, gaɓa doguwa da gajeru suna bin juna a ƙa'ida. Sai ka gan shi yana buga gwiwa da yatsa, in baiti ya ƙi zama ya san shi ya ja gajere ko ya datse dogo, ya koma ya gyara. Da damina a gonarsa ta Farin Dutse haka zai bi kunya yana rerawa da karin waƙoƙin bege, manoman maƙwabta suna zaton wuridi yake yi.

Wata rana ya kira ni, murna fal fuskarsa, ya ce ya gano mutumin. Ya ce mawaƙin nan maroƙi ne irin namu sak. Ba ya ambaton jarumi sai da kirarinsa, kuma kirarin ba ya sauyawa. Jirgi ma da kirarinsa, teku da nasa, ko ketowar alfijir sai an yi mata nata. Ya ce Turawan da suka fassara sun gaji da maimaici sun zubar da rabi, alhali duk wanda ya taɓa tsayawa gaban makaɗi ya san maimaicin nan shi ne wurin da mawaƙi ke shan iska. Teku kuwa bai taɓa gani ba. In kogin garinmu ya kawo ruwa yakan je bakin gada ya daɗe tsaye, ya dawo ya ce ya ɗan ƙara fahimtar wani baiti.

Yanzu ga inda gizo ya yi saƙa. Wanda ya tashi a gidan malamai hannunsa ba ya iya zubar da ruwan allo a ƙasa, ko me aka rubuta. Baffa yakan wanke nasa a ƙwarya, ya ajiye gindin bishiya da niyyar zuba wa shuka, hankalinsa ya koma kan ƙamus, ya manta. In ya dawo ya ga ƙwarya a kife sai ya ɗauka Inna ce ta zubar. Ashe Gwaggo ce, ƙanwarsu, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Gwaggo ta yi lissafinta ita kaɗai. Ga ɗan malam jikan malam, yana rubutu da wasu haruffa da ba wanda ya taɓa gani, shi kaɗai da sassafe, yana gunguni. In wannan ba babban laƙani ba ne, to mene ne? Ta ga kuma asara ce a ba bishiya. Sai ta riƙa ɗurawa a kwalba tana ba mata, fisabilillahi, ko goro ba ta karɓa. Ta ba mai ciwon kai, ciwon kai ya tafi, kamar yadda ciwon kai ya saba. Ta ba wadda kwananta ya wuce, ta haihu. Kafin ka ce kwabo zance ya kai Gwaram, mata suna zuwa gaishe da Gwaggo da kwalba a ƙarƙashin mayafi.

Ni ungozoma ce, a ɗakin haihuwa na gano. Wata mai naƙuda ta zaro kwalba da baƙin ruwa za ta kai baki, na riƙe hannunta na ce mene ne wannan. Ta ce haba Malama, na gidanku ne fa, rubutun Baffanki. Ina tashi daga aiki ban ko biya gidan mijina ba. Na tarar da shi gindin darbejiya, na tambaye shi me ya rubuta a allo jiya. Ya gyara zama da jin daɗi, don ba kullum ake tambayarsa ba, ya ce wuri ne mai kyau ƙwarai, inda mayaƙa suka yanka sa a bakin teku, suka ƙona wa gumakansu cinya, suka gasa sauran suka ci. Na ce to matar wane ta sha shi ɗazu. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya yi ta salati.

Bai samu damar gyara komai ba. Ranar kasuwar Sara labari ya shiga kunnen Baba, an ƙara masa gishiri, washegari sai ga shi. Bai shiga cikin gida ba, ya zauna a zaure ya ce a kawo masa allon. Maƙwabta suka taru, ni kuma ina bayan ƙofa ina ji. Baba ya juya allon sama da ƙasa.

"Mene ne wannan?"

"Waƙa ce, Yaya. Ta Yunanawan dā."

"Da sunan Allah a ciki?"

"Babu. Akwai dai sunayen abubuwan da suke bauta wa."

Daga baya mutane suka ce da ya ce ilimin magani ne da an wuce wurin, tunda ba mai iya karantawa ya ƙaryata shi. Waɗannan ba su san Baffa ba. Baba ya ce allo ba katako ba ne kawai, abin da aka yi domin maganar Allah ne, kuma ga shi an shayar da matan Musulmi sunayen gumaka daga gidan da mutane suka amince da shi saboda darajar mahaifinsu. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce wannan gaskiya ne, ya yi kuskure, ga allon nan a yi yadda aka ga dama da shi. Sai Baba ya ce a fito da littattafan ma a haɗa a ƙona. Nan Baffa ya ɗago. Ya ce malaman Musulunci na dā sun karanta Yunanawa, daga wurinsu aka ɗauko ilimin likita da manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja. Baba ya ce magani suka ɗauko, ba waƙar tsafi ba. Baffa ya ce su biyun sun haddace waƙoƙin Larabawan jahiliyya a gaban mahaifinsu, masu su kuwa gumaka suka bauta wa. Baba ya ce wancan don a gane Larabcin Alƙur'ani ne, wannan don a gane me? Kuma wa ya biya maka? Karatun da ba malami ai an san mai biya shi. Baffa ya ce a hankali, allo ya bayar, littafi ba zai bayar ba.

A gaban mutane ƙane ya ce wa yayansa a'a. Ina jin da su biyu ne kawai a ɗaki da abin bai kai haka ba. Baba ya miƙe ya ɗauki allon, ya yi rantsuwar nan, ya fita bai sha ko ruwa ba.

Ra'ayina ban taɓa ɓoye shi ba: a kan allo Baba ne da gaskiya, a kan sauran kuwa zuciya ce ta ɗebe shi. Na je har Sara na faɗa masa haka, da ladabi iyakar iyawata, wanda na san ba shi da yawa. Ya ce bakina na Baffana ne. Na ce ai shi ya ba da ni. Ya ce in gaida gida.

Abin da Baffa ya yi bayan nan shi nake so yara su sani. Ya sa Gwaggo ta lissafa masa duk wadda ta ba ruwan, ya hau kekensa, inda ya yi nisa ya shiga mota, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ya yi sallama da mazajensu, ya ce abin da iyalinku suka sha ba rubutu ba ne, ba addu'a ba ce, tawada ce da waƙar wasu mutane, ku yafe mini. Dattijo mai ritaya, yana tsaye a ƙofar yaran da ya koyar yana ba da haƙuri. Abin haushi da ban dariya, rabinsu ba su yarda ba. Suka ce haka manyan malamai suke ɓoye sirri. Tsohuwar nan ta Gwaram da ke kuka ranar rasuwarsa tana cikinsu, har ya koma ga Allah tana aiko masa da ƙwai tana jiran ya huce.

Gwaggo kuwa ta shige ɗaki ta daina cin abinci, tana cewa ita ta raba 'yan'uwa. Ni kaina na so in gaya mata magana, don bakina yana ƙaiƙayi. Baffa ya hana. Ya ɗauki kwanon tuwo da kansa ya shiga, na ji yana ce mata laifin na wanda ya ajiye ƙwarya ne, ita alheri ta nufa, kuma a duk gidan ita kaɗai ta taɓa ɗaukar karatunsa da daraja. Bai fito ba sai da ta ci. Har ya bar duniya bai ƙara tayar mata da zancen ba, ko da wasa.

Karatu kuwa ko fashin kwana bai yi ba. Ya shafa wa bangon ɗakinsa baƙin fenti, ya koma alli da tsumma, ya ce wannan dai ba mai iya ɗurawa a kwalba. Ƙa'idar tana nan: a rubuta, a haddace, a goge.

Kuma duk Juma'ar da yake da lafiya sai ya shiga motar Sara, ya yi sallah a sahun baya a bayan yayansa. In an idar ya bi layi ya miƙa hannu ya ce Yaya barka da Juma'a, Baba ya amsa barka kadai, ido a wani wuri, shi ke nan. Na ce masa Baffa wannan wahala ta mece ce, mutum ba ya ko kallonka. Ya ce, "Shi ya rantse ba zai zo gidana ba, ni ban rantse ba zan je masallacinsa ba. Zumunta a ƙafa take, tawa kuwa lafiyarta ƙalau."

Ranar da ba zan manta ba, ina gidan mijina da rana tsaka ina wanki, sai ga Baffa ba hula, takalmi wari da wari. Na ɗauka wani abu ne ya sami Inna. Ya zauna bakin rijiya yana haki. Ya ce yau ya buɗe wani wuri da bai taɓa karantawa ba, inda wata mata take makokin mijinta da aka kashe a yaƙi, tana tunanin yadda ɗanta zai tashi maraya. Ya ce yana cikin karatu sai ya ga ruwa ya ɗiga a kan takarda, ya duba rufi, ashe daga idonsa ne. Sai a nan ya lura bai taɓa ƙamus ba, bai juya komai zuwa Hausa ko Turanci a kansa ba, matar ce kawai take magana yana ji. Ya ce, "Na ji ta da kunnena, 'yar nan. Ba wanda ya tsaya tsakaninmu." Na yi murna har na rasa abin yi, na kama zakara na yanka masa. Yana cin naman, can ya ce da Yaya zai zauna ya ji wurin nan, da ya gane.

Wani matashin ustazu ya taɓa tare shi a hanya, ya tambaye shi ko karatun nan bai taɓa masa imani ba. Baffa ya ce ya taɓa, ya ƙara masa. Ya ce mutanen nan jarumai ne, masu karamci, suna girmama baƙo, ba sa barin gawa a yashe ko ana tsakiyar yaƙi, amma suna tsoron mutuwa tsoro mai ban tausayi, don ba wanda ya zo musu da albishir. Ya ce duk wanda ya zauna da su ya ji kukansu, in ya tashi zai yi alwala ne ya gode wa Allah. Yaron ya tafi yana sosa ƙeya.

Da idonsa ya raunana sai aka ga amfanin taurin kansa, don abin da ya goge daga bango yana nan a kai. A ciwon ajali da safe Alƙur'ani yake karantawa da ka, bayan la'asar ya yi waƙarsa, bai taɓa haɗa su a zama ɗaya ba. Da na ga jiki ya yi nisa na ce zan je Sara in durƙusa, in ya so a ce na yi rashin kunya. Ya riƙe mini hannu ya ce kada wanda ya je. Ya ce mutum ne ya ambaci sunan Allah a gaban jama'a, kada a matsa masa saboda shi. In ya zo, ya zo da ƙafarsa. Na bi maganarsa, amma Allah Ya sani raina bai so ba.

To, ranar Larabar nan. An yi masa wanka an sa likkafani. Aka yi azahar, limamin unguwa ya aiko cewa ba a jinkirta gawa. Inna ta ce a ɗan ƙara. Aka ƙara, ya sake aikowa. Da maza suka shigo da makara, sai Gwaggo ta ja tabarma ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafafu, ta ce duk mai fitar da shi sai dai ya tsallake ta. Tsohuwa ce, ba mai iya taɓa ta. Aka yi cirko-cirko. Rana tana ta karkata, ni kuma na riga na fid da rai, ina ta tsara a zuciyata maganar da zan gaya wa Baba duk ranar da muka haɗu.

Ana gab da kiran la'asar muka ji hayaniyar waje ta ɗauke ɗif. Na leƙa ta zaure. Ɗan acaɓa ne ya tsaya, Baba yana saukowa da ƙyar, sanda a hannu ɗaya, ɗan buhu a ɗayan. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Mutane suka dare, ya zo har bakin zaure ya tsaya, yatsun ƙafarsa dab da dokin ƙofa, bai tsallaka ba. Ya ce a kira ni, in zo da mudu. Na kawo. Ya tsuguna a wurin, ya kwance buhun, gero ne. Ya auna da hannunsa, ya ce a kira masa miskinai goma daga cikin masu zama, kowa ya ba shi nasa. Ba wanda ya tambaya. Kaffarar rantsuwa ce, kowa ya san hukuncin, sai dai duk tsawon shekarun nan ba a samu mai ƙarfin halin tuna wa limami ba.

Da na ƙarshe ya karɓa, Baba ya kaɗe hannu, ya yi bismillah, ya shigo. Gwaggo ta janye ƙafafunta. Ya shiga ɗakin ya buɗe fuskar ƙanensa ya daɗe zaune, ba mu ji abin da ya ce ba. Shi ya yi masa sallah. Muna ciki muna jin kabbara ta kan katanga, a ta uku muryarsa ta sarƙe, sai da ya sake. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka makwancinsa, Ya karɓi gaskiyarsa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saka masa riƙon da ya yi mini da gidan Aljanna.

Da suka dawo daga maƙabarta Baba bai zauna da maza a waje ba. Ya sake shigowa, ya zauna a bakin gadon Baffa, ya sa aka kira ni. Na shiga da maganata a shirye, wadda na yi shekaru ina wasawa. Bai kalle ni ba, buhun da ya rage yake kallo.

"Mudu goma ne fa," in ji shi. "Ni nake karantar da mutane hukuncin nan. Duk Juma'ar da ya miƙo mini hannu, geron nan yana cikin rumbuna."

Na buɗe baki in ce masa ba komai, ya wuce, sai na ga ba zan iya yin ƙarya a ɗakin Baffa ba. Na tashi na kawo masa ruwa.